Amsoshin Tambayoyinku: Idan Teku Ya Ja Ka

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru yau, lokaci kuma kaɗan ne, sai mu shiga kai tsaye.

Wata baiwar Allah tana tambaya ko mai duhun fata yana buƙatar man kariya daga rana a bakin teku. Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. A shafa, a sake bayan awa 2 ko bayan an fito daga ruwa.

Wani kuma ya ce ya sayi sabon takalmi don hawan tsauni a wani tsibiri, gobe zai fara sa shi. Haba ɗan'uwa! Bororo kake nema wa ƙafarka. Ka yi kwanaki kana yawo da shi tukuna. Ka fita da sassafe, ka riƙi ruwan sha, kuma ka tambayi lokacin tashin jirgin ruwa na ƙarshe tun kafin ka fara hawa.

To ga tambayar da mutane da yawa suka aiko. Wani uba ya rubuto cewa yana tsaye ruwa iya ƙugu, ya ji ana jan sa zuwa tsakiyar teku, da ƙyar ya fita. Mene ne wannan? Muna tare da baƙonmu da ya daɗe yana aikin ceto a bakin teku. Malam, bismillah.

Baƙo: To, shi teku sai an fara sanin halinsa. Yawancin wurare yakan cika ya janye sau 2 a yini, wata ne ke jan sa, kullum kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A gaɓar Fundy ta Kanada tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 16. Shi ya sa mutum zai taka yashi ya shiga tsibiri da safe, ya juyo ya tarar hanya ta zama ruwa...

Malam, a gafarce ni, wannan ma abin lura ne, amma jan da mai tambayar ya ji fa?

Baƙo: Yauwa, wannan daban ne. Igiyoyi suna tara ruwa a gaɓa, dole ya nemi hanyar komawa, sai ya bi ta wata 'yar siririyar kafa da ƙarfi. Gudunsa kan kai mita 2 da rabi a daƙiƙa, ko gwanin ninƙaya ba ya cin masa. Abin da ke yaudarar mutane, wurin shi ne ya fi kama da kwanciyar hankali: ruwan ya ɗan yi duhu, igiya ba ta fashewa, sai ka ga kumfa da ciyayi suna tafiya ciki. Nan iyaye ke tura yara.

Na gode, Malam. To masu sauraro, ku ji da kyau. Wannan ruwa ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Gajiya ce ke kisa. Kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta rigingine ka yi numfashi, ka ɗaga hannu a gan ka. In kana da ƙarfi, ka yi iyo gefe, wato ka bi tsawon gaɓar, har ka fita daga kafar, sannan ka nufo tudu. Gefe, ba gaba-da-gaba ba.

Ku kuma da ke tsaye a waje, don Allah kada ku faɗa ruwa hannu rabbana don ceto. Ku jefa abin da ke yawo bisa ruwa, ku kira masu ceto. Raina yana ɓaci in na ga mutum ya ga jar tuta, alamar hana shiga ruwa, ya shiga don a ɗauke shi hoto. Inda aka kafa tutoci masu ja da rawaya, tsakaninsu ake wanka, nan masu ceto ke sa ido.

Saura minti ɗaya. Wata uwa za ta kai yara biki a fili, tana tsoron hadari. Hajiya, da kin ji tsawa ku shiga gini ko mota, ban da gindin bishiya, ban da tanti, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Ki rubuta lambar wayarki a hannun ƙaramin, manyan kuma ki nuna musu inda za a haɗu in an rabu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa.