Akwati mai kwaɗo uku

Masu saurare, barkanmu da warhaka. Wanda ya ratsa ƙauyukan Tibiri ko Madarunfa da hantsi zai iya tarar da mata zaune kan tabarma a inuwar bedi, da akwatin ƙarfe a tsakiyarsu. Kwaɗo uku ne a jikinsa, mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa.

Mata Masu Dubara ke nan. A nan jihar Maraɗi tsarin ya samo asali a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, kafin ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. Asusu ne irin na iyayenmu, sai dai an ƙara masa rance. Kowane mako mace ta zuba abin da aka amince, dala ashirin ko hamsin. Idan kuɗi sun taru, mai sana'a ta ɗauki jika biyar ko goma, ta biya da ɗan ƙarin da su da kansu suka yanke. Ƙarin nan cikin akwati yake komawa, ranar rabo kowa ta ɗauki kasonta.

Wani zai ce me jika goma za ta yi? To, a tambayi mai ƙuli-ƙuli. A da sai ta karɓi gyaɗa bashi wajen ɗan kasuwa, shi ke yanka farashi, ita ke shan hayaƙi, ribar man ta tafi aljihunsa. Yanzu da kaka take sayen tiyoyinta, lokacin da gyaɗa ke arha, ta matse mai ta kai kasuwa da kanta. Wata kuma jar akuyar Maraɗi ta saya, wadda ta yi suna wajen haihuwar tagwaye. Banki zai nemi takardar fili, su kuwa jinginarsu mutunci ne a idon maƙwabta.

Inda nake da magana shi ne wajenmu mu maza. Rance na fitowa, sai maigida ya ce a ara masa ya cika kuɗin taki, ko a kai gudummawar biki. Ranar biya ita ke sunkuyar da kai gaban ƙawayenta, wani lokaci har akuyar ta sayar. Malam, cikin kuɗin da ka karɓa akwai dala ashirin ɗin bazawarar da ke damun fura a bakin tasha, kuma mako mai zuwa ita ce ke jiran rance.