Karatu a Magusa: Abin da Ejan Ba Zai Faɗa Maka Ba

Idan ejan mai nema maka gurbin karatu a arewacin Saifurus ya ce maka "Turai za ka," ka ce ya dakata, ka buɗe taswira tukuna. Tsibirin Saifurus a rabe yake gida biyu tun 1974. Kudu ce ke cikin Tarayyar Turai. Arewa, inda birnin Famagusta yake, wanda ɗalibai ke kira Magusa, ta ayyana kanta a matsayin ƙasa a 1983, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Shi ya sa jirginka ba zai sauka Erjan, filin jirgin saman arewa, ba sai ya bi ta Turkiyya. Takardar zaman ɗalibi da za su ba ka kuma ba za ta kai ka Jamus ko Faransa ba. Ofishin jakadancin Najeriya babu shi a can; in fasfonka ya ƙare, sai dai Ankara, babban birnin Turkiyya.

Garin kansa na ɗalibai ne. Jami'ar Eastern Mediterranean ce ke riƙe da shi, kuma idan ka bi titin Salamis da yamma za ka ji Larabci, Farisanci, Turkanci, kai har Hausa. Akwai ilimi, da Turanci ake koyar da yawancin kwasa-kwasan baƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi.

Da kuɗi iri uku za ka rayu. Kuɗin makaranta da dala ko yuro ake yanka shi. Haya galibi da fam ɗin Ingila. Burodi, mota da wutar lantarki da lirar Turkiyya. Baba kuwa naira yake samu a Kantin Kwari. Duk ranar da naira ta faɗi, hayarka ta tashi ke nan alhali mai gida bai ƙara ko kwabo ba. Ga kuɗin ajiya da ake karɓa kafin a ba ka mukulli, ga la'adar dillali. Saboda haka ku zauna da wanda zai ɗauki nauyinka ku lissafa shekara huɗu cif, ba zangon farko kawai ba.

Shi kuma rangwamen kashi 50 da ake ta yi maka albishir da shi, kada ka ɗauka don kai aka yi. Yawancin jami'o'in arewacin tsibirin suna ba ɗaliban waje irinsa, kuma ba ya shafar abinci ko ɗaki. Ejan yana da kamashonsa a kan kowane ɗalibi, don haka ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar da kanka, ka biya kuɗi kai tsaye a asusunta, ka adana rasit. In an ce maka "da ka je za ka samu aiki ka riƙa biyan makaranta," wannan romon baka ne. Tsibirin ƙarami ne, masu neman aikin sun yi wa aikin yawa.

Bashi kuma ba a yafe shi. Ɗaliban da gwamnatin Kano ta tura tsibirin sun gama karatu, takardunsu suka maƙale shekaru saboda kuɗin da ba a biya ba, sai a 2025 aka warware.

Kafin ka sa hannu, bincika kwas ɗin da kansa: shin hukumomin kula da jami'o'i, YÖDAK ta can da YÖK ta Turkiyya, sun tantance shi? Mai karatun likita ya sani, da ya dawo gida akwai jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, tana jiransa.

Da ka sauka, kada ka yi wasa da takardar zama. Akwai gwajin jini da hoton ƙirji, kuma jinkiri tara yake jawowa. Motoci ta hagu suke bi, saboda haka ka fara duba dama kafin ka tsallaka titi. Ka taho da yaji, kuka da daddawa. Ka taho da rigar sanyi mai kauri ma, don Janairun can ga ruwa ga iskar teku, kuma hita tana shan wuta ba kaɗan ba. Ranar Juma'a ka shiga tsohon gari cikin ganuwa, Masallacin Lala Mustafa Pasha, wanda asalinsa coci ne. A harabarsa za ka fara gamuwa da waɗanda suka riga ka zuwa, su ne za su nuna maka inda haya take da sauƙi.