Yadda Ake Ceto Littattafan Timbuktu da Kyamara

A shekarar 2012 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu, a arewacin Mali. Iyalan da suka gaji tsofaffin littattafan rubutun hannu tun kaka da kakanni ba su tsaya jira ba. Da jagorancin Abdel Kader Haidara, wani mai ɗakin karatu a garin, suka riƙa cusa su cikin adakokin ƙarfe, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta Kogin Neja, har aka kai sama da 300,000 Bamako. A Janairun 2013 maharan suka ƙona kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba, wata ma'adanar tsofaffin littattafai a Timbuktu.

Sai dai Bamako ma tana da nata haɗarin. Takardar da ta yi ɗaruruwan shekaru a busasshiyar iskar bakin Sahara, danshin damina kaɗai ya isa ya cinye ta. Shi ya sa ƙungiyar SAVAMA-DCI, mai kula da adana waɗannan littattafan, ta haɗa hannu da HMML, wani ɗakin karatu na tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke Minnesota a Amurka, aka shiga ɗaukar hoton littattafan shafi-shafi. A 2022 Google ya sanya shafuka sama da 40,000 a intanet, kowa na iya gani daga wayarsa.

To yaya ake aikin? Ku lura, yawancin littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warwara ne cikin bangon fata, irin yadda muka saba gani a zauren malamai. Kafin a kunna kyamara sai an kaɗe ƙura da burushi mai laushi, sannan a tabbatar shafukan na jere. A nan dabarar marubutan dā take taimakawa: a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba. Da ita ake gane inda takarda ta ɓace ko ta shiga wani littafin.

Ɗaukar hoto shi ne mai sauƙi. Babban aikin yana wajen wanda zai zauna ya karanta, ya faɗi sunan littafin, wa ya wallafa, wa ya kwafe, fiƙihu ne ko ilimin taurari ko takardar ciniki. Idan babu wannan bayani, hoton yana nan a kwamfuta amma mai nema ba zai taɓa samunsa ba. Kuma mutanen da suka iya karanta irin wannan rubutu, galibinsu dattawa ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Kano, Sakkwato, Katsina da Damagaram akwai gidajen da ke ajiye da waƙoƙin ajami da wasiƙu a gafaka, gara na bin su a hankali. Jami'ar Boston ta ɗauki hoton wasu rubuce-rubucen ajamin Hausa, amma abin da ke cikin gidaje ya fi yawa nesa ba kusa ba. Idan akwai irinsu a gidanku, ku ɗaga su daga ƙasa, ku nisanta su da danshi, kada ku liƙa musu salatif, kuma ku zauna da malamin da ya san su ya faɗa muku abin da ke ciki, ku rubuta.