Darasi daga gareji: ɗaga Hilux ɗin da kake hawa kullum

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Motar da ke gabanmu yau Hilux ce mai ƙofa huɗu, mai ja da tayoyi huɗu. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake zuwa aiki, ranar Asabar kuma a shiga gona ta hanyar burji da kwazazzabai. Mai ita yana so a ɗaga ta, kuma ya zo da tambayar da kowa ke zuwa da ita: inci nawa za a ƙara? Ni kuwa ba daga nan nake farawa ba. Ina fara tambaya ne, me motar take ɗauka kullum, kuma wace taya kake son sawa?

Matso da kyamarar nan ƙasa, yaro. Ku dubi bayan motar. Kun ga wannan ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar aksul? Difaranshal ke nan, kuma shi ne ya fi komai kusa da ƙasa a nan baya. Sifirin yana zaune ne a saman aksul, shi ke riƙe shasi da bodi. Saboda haka ko inci 4 ka ɗaga motar da sifirin, bodi ne da shasi suka hau, wannan ƙullutun yana nan inda yake. Idan dutse yana bugunsa jiya, gobe ma zai buge shi. Taya ce kaɗai ke ɗaga aksul.

Bari mu yi lissafin. Tayar da ke kan motar nan, lambar girman da ke rubuce a jikinta 265/65R17 ce, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776. Idan ka koma 265/70R17, tsayin ya zama kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa ne kawai ke ƙarƙashin aksul, wato ka samu milimita 13. Idan ka je 285/70R17, wadda ake ce wa inci 33, ka samu milimita 27, sai dai ita a Hilux takan gogi bodi idan ka karya sitiyari har ƙarshe, kuma sau da yawa sai an yi yanka. Ga nauyi, ga ƙarin shan mai, ga motar ta yi sanyi wajen tashi. Mitar gudu ma za ta riƙa yi maka ƙarya: tana nuna 100, kai kuwa kana wajen 107. Wanda ke hawa kullum, ni 265/70 nake ba shi shawara.

To mene ne amfanin ɗagawar ke nan? Tana da amfani. Cikin motar, wato tsakanin tayar gaba da ta baya, yana nisa da ƙasa, ba za ta riƙa zama a kan tudu ba idan kana tsallaka kunya ko bakin kwazazzabo. Hanci da wutsiya ma suna samun sarari wajen gangara da hawa. Sannan sabon sifirin yana dawo da motar da lodi ya durƙusar. Amma wanda matsalarsa kafewa a rairayi ce, irin hanyoyin Agadas ko arewacin Yobe, ya fara koyon rage iskar taya, ya sayi famfon da zai mayar da ita. Wannan ya fi masa inci 2 amfani, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Yanzu mu dawo gaba, don a nan ne ake ɓata motoci. Hilux daga samfurin 2005 zuwa yau, har da wanda ya fito a 2015, ba shi da aksul guda a gaba. Kowace taya tana da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, ga shok da sifirin mai murɗe a haɗe. Daga difaranshal na gaba akwai shaf guda biyu masu gaɓa, kowane yana zuwa tayarsa, gaɓoɓin a lulluɓe da roba cike da giris. Masana'anta ta tsara shaf ɗin nan ya zauna kusan a miƙe. Duk abin da ka ƙara wa motar na tsayi, shaf ɗin yana ƙara karkata. Ya karkata da yawa, robar ta fara gogar kanta, ta yage, giris ya fita, ƙura ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na hannun sama, wato gaɓar da ke haɗa hannun da ɓangaren taya, shi ma yana kai wa iyakarsa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tafiyar tayar gaba, daga can sama zuwa can ƙasa, ƙayyadajjiya ce. Idan ka ɗaga motar, ba ka ƙara tafiyar ba, ka dai sauya inda tayar take zama a cikinta. Abin da ka samu a sama, ka rasa shi a ƙasa. Shi ya sa motar da aka ɗaga gabanta inci 3 ba tare da canza komai ba, da ta faɗa rami sai ka ji gum, tayar ta kai ƙarshenta ba ta taɓa ƙasan ramin ba. Mai motar ya ce shok ne ya mutu, alhali sabo ne.

Saboda haka iyakata ga irin wannan mota inci 2 ne, milimita 50, ko ma 40. Wanda ya nace sai ya wuce haka, ya shirya sayen sababbin hannuwan sama, da kayan sauke difaranshal na gaba, da zaman gareji akai-akai. Land Cruiser 79 daban take, ita aksul guda ne gaba da baya, ta fi jure ɗagawa, ko da yake ita ma sai an gyara kusurwar sitiyari. Tsohon Hilux na wajen 1997 zuwa 2004 kuwa galibi sandar ƙarfe ce mai murɗuwa ke riƙe gabansa, wasu sukan ɗaure notinta kawai motar ta hau. Ta hau ɗin, amma ta yi tauri.

Hanyoyin ɗagawa ba su da yawa. Akwai sifesa, zoben ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shok na gaba. Shi ne mafi araha. Ku lura, saboda yadda hannun yake aiki, sifesa mai kaurin milimita 25 yana ɗaga motar kusan ninki biyu na haka, kada a sayar maka da mai kaurin 50 a ce inci 2 ne. Sifesa bai canza sifirin ba, bai canza shok ba. Idan sun gaji, ka ɗaga gajiyayyar mota ke nan. Ga wanda kwalta kawai yake bi, yana son hancin motar ya daidaita da bayanta, ba laifi. Akwai ɗaga bodi daga kan shasi, wannan ban ma son mu ɓata lokaci a kansa, shasin bai motsa ba. Sai kuma cikakken saiti: shok huɗu, sifirin gaba biyu, ganyen sifirin baya, bushin da notuna. Ga mai shiga daji duk mako, wannan ne.

To a nan nake so ku natsu, zaɓen sifirin. Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya ba sifirin ɗaya suke yi wa Hilux ba. Na gaba akwai na motar da ba a ƙara mata komai ba, akwai na mai bamban ƙarfe, wato kariyar ƙarfe da ake sawa a gaban mota, akwai na mai bamban ƙarfe da winci. Na baya akwai na mota mara lodi ko mai lodi jefi-jefi, akwai na kilo 300 kullum, akwai na 500 ko 600 kullum. Kalmar nan kullum ita ce maganar. Ana nufin nauyin da ba ya sauka daga motar: rumfar baya, akwatin kayan aiki, tankin ruwa, tayar ajiya ta biyu. Ba buhunan takin da kake ɗauka sau uku a damina ba.

Mutanenmu da yawa da sun ji an ce wannan na kilo 600 ne sai su ce shi za a sa, ai mai ƙarfi ya fi. Ranar Litinin motar ba komai a baya, sifirin ba ya lanƙwasa, kowane ƙaramin rami yana zuwa har ƙugu. Iyali a kujerar baya suna tsalle kamar an ɗora su a amalanke. Kuma ba wahala kaɗai ba ce, a kan gargada bayan motar yana barin ƙasa, birki ya rage kamawa, a kwana wutsiya ta nemi wuce kai. Idan lodinka na lokaci-lokaci ne, ɗauki matsakaici. Sannan ka sani sifirin mai ƙarfi bai ƙara wa motar izinin lodi ba. Shasi, birki da aksul suna nan yadda Toyota ta yi su, adadin da ke rubuce a farantin motar bai canza ba.

Shok kuwa aikinsa hana sifirin rawa, kuma yana yin haka ne ta tura mai cikin ƙananan ƙofofi. Wannan aikin zafi yake haifarwa. A gargada mai nisa, ga zafin Afrilu, man yana yin kumfa, shok ya saki, motar ta fara lilo. Shi ya sa shok mai faɗin jiki, mai ɗaukar mai da yawa, ya fi dacewa da mu. Bilstein na Jamus suna yin mai bututu ɗaya da gas, yana saurin huce zafi, sai dai yana ɗan tauri, kuma idan dutse ya lotsa jikinsa ya gama aiki. Old Man Emu, Ironman 4x4, Dobinsons da Tough Dog duk na Ostareliya ne, ƙasar da ke da dogayen hanyoyin burji da Hilux birjik, don haka kayansu suna zama daidai da irin aikinmu. Masu tankin mai a gefe, irin Fox da King na Amurka, kaya ne masu kyau ga mai gudu a sahara, amma suna son a riƙa kwance su ana canza mai da roba. Ka tambayi kanka wa zai yi maka wannan a garinku. Ko wanne ka zaɓa, shok da sifirin su zama na saiti ɗaya, don tsawon shok ya dace da tsayin da aka ƙara. Ka duba lambar kayan a shafin kamfanin kafin ka biya, jabu suna yawo. Shok ɗan Beljiyam kuwa ba ka san kilomita nawa ya ci ba.

Masu Prado, naku baya sifirin mai murɗe ne, kuma akwai sandar da ke riƙe aksul ta gefe, idan aka ɗaga motar takan ja shi ɓangare ɗaya kaɗan. Wasu samfurin suna da KDSS, wato na'urar Toyota mai aiki da mai da ke rage jirkicewar mota a kwana, ko balan-balan na iska a baya, ku gaya wa mai sayarwa tun kafin ya ɗauko kaya.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan bakanikenka a abu ɗaya: notunan da ke ratsa bushin ba a ƙarasa ɗaure su motar tana rataye a jak. Sai an sauke ta, ta zauna a kan tayoyinta. In ba haka ba robar tana zama a murɗe, wata kaɗan ta tsage. A duba tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, a saki aksul har ƙasa a ga ba su miƙe tsam ba. Motocin da ba su da ABS suna da bawul a baya mai auna lodi yana raba ƙarfin birki, idan aka ɗaga mota ba a gyara sandarsa ba, birkin baya zai yi rauni. Daga gareji kai tsaye wajen alaimen, ba gobe ba, ba jibi ba, in ba haka ba sabuwar tayar za ta cinye ta gefe ɗaya. A sauke fitilun gaba kada ka riƙa makantar da masu tahowa. Bayan kilomita 500 ka dawo a sake ɗaure notunan da ke riƙe ganyen sifirin da aksul, suna saki. Idan ka ji karkarwa wajen tashi, kusurwar shaf ɗin baya ce, akwai ɗan ƙarfen da ake sawa a daidaita ta.

Kuma motar da ta hau sama ta fi saurin kwanciya a kwana, balle an jibga kaya a kariyar sama. Masu hawa Mambila sun san abin da nake nufi. Jarkoki da duk wani abu mai nauyi su zauna a ƙasan bodi, kusa da bayan kujera.

Miƙo min tef ɗin nan. Kafin a kwance noti ko ɗaya, sai an auna, motar a kan daɓe mai lebur, da kayan da take ɗauka kullum a ciki. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, don iskar taya tana canza lissafi. Daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya, kusurwa huɗu, a rubuta. Motar da ta shekara goma tana aiki ta riga ta zauna, don haka saitin inci 2 zai iya ba ta fiye da haka idan ka gwada da yadda ta shigo. Riƙe nan, yaro, daidai tsakiya. Mu fara da gaban hagu.