Sakkwato zuwa Katsina a jirgi: ina minti 20 ɗin da ake faɗa?

Jama'a, ga lissafin da ke ta yawo a WhatsApp. Wai daga filin jirgin Sultan Abubakar na III, nan Sakkwato, zuwa filin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina kusan kilomita 270 ne, jirgi kuma yana cin kilomita 800 a awa, don haka minti 20 ta ishe shi. Nisan dai haka yake, in aka miƙa zare a kan taswira. In wayarka ta nuna maka 145, kada ka ce ta rikice, awon mil na matuƙa ne, kowane ɗaya kilomita 1.852.

Inda gizo ke saƙa shi ne 800 ɗin nan.

Gudun can ƙololuwa ne, sama da ƙafa 30,000, inda iska ba ta da kauri. Jirgin da zai yi gajeren zango irin wannan ba ya ma kai wa can. Daga tashi har ya wuce ƙafa 10,000, ƙa'ida ba ta barinsa ya zarce kimanin kilomita 460 a awa. A ce ya hau zuwa ƙafa 20,000. To, matuƙa suna da lissafin sauka: kowace ƙafa 1,000 tana buƙatar mil 3 nasu. Ƙafa 20,000 ke nan mil 60, wajen kilomita 110. Wato saura kilomita 110 a isa Katsina ya riga ya fara gangarowa, yana rage gudu. Hawan ma ya cinye nasa rabon. Abin da ya rage a tsakiya, ko ruwan da aka miƙo maka ba za ka gama sha ba.

Sannan galibi jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska. Ran da take busowa daga yamma, zai tashi ne ya ba Katsina baya, sai ya yi kwana a sama kafin ya kama hanya.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti kuwa ba daga barin ƙasa yake farawa ba. Kafin jirgi ya motsa, akwai ma'aikacin da ke zare abin da aka tokare taya da shi. Nan agogo ke fara aiki, har a sake tokare ta a Katsina. Tafiyar hawainiya zuwa bakin titin tashi, jiran izini daga hasumiya, duk a ciki. A ƙiyasce minti 40 zuwa 45.

Wannan fa in jirgin kai tsaye ne, irin na shata. In sai an bi ta Abuja, Sakkwato zuwa can kusan kilomita 490 ne, daga can zuwa Katsina wajen 450, ga zaman jira a tsakani. A ganina, mai wannan tafiya ya fara tambayar awa nawa zai zauna a Abuja kafin ya tambayi kuɗin tikiti.

Disamba da Janairu kuma lissafi na hannun hazo. In ƙurar hunturu ta rufe har matuƙi ba zai hango titin sauka daga tazarar da aka ƙayyade ba, ko dai a jinkirta tashi, ko jirgin ya yi ta shawagi, ko ya juya wani filin.