Fitsari yana ƙuna, gwaji ya ce babu komai

Assalamu alaikum. A nan Jos akwai matan da suka yi shekara da shekaru suna fama da abu guda: ƙuna wajen fitsari, nauyi a mara, tashi bayi sau da yawa cikin dare. Sun sha maganin sanyi na kemis, sun sha na gargajiya. An kai fitsari gwaji, takarda ta dawo wai babu ƙwayar cuta. To ina ciwon ya fito?

Mu fara da gwajin. A shekarun 1950 wani likita a Amurka, Edward Kass, ya kafa ma'auni: sai an sami ƙwayoyi 100,000 a mililita ɗaya na fitsari kafin a ce akwai cuta. Ya yi aikinsa ne da ciwon ƙoda a ransa, amma ma'aunin ya bazu ko'ina. Daga baya aka gano mace na iya kwana tana juyi da ƙwayoyin da ba su kai ko kusa da wannan adadi ba. Kuma gwajin da aka saba, kwana ɗaya ake ba ƙwayoyin su tsiro a faranti. E. coli, wadda ke fitowa daga hanji kuma ita ce ke haddasa mafi yawan wannan ciwo, tana tsirowa da wuri. Wasu kuwa sai a hankali, wasu ma iska kashe su take yi.

Tun wajajen 2012 masu bincike a Jami'ar Loyola da ke Chicago suka nuna cewa mafitsarar mace mai lafiya ma tana da nata ƙwayoyin da ke zaune a ciki, irin su Lactobacillus. Ke nan ganin ƙwaya a fitsari bai isa ya zama ciwo ba. Mace da babu abin da ke damunta ba a ba ta magani don takarda kawai, sai in tana da juna biyu.

Me ya sa mata? Bututun fitsarin mace kamar santimita 4 ne, na namiji ya kusa 20, hanya gajera ce. Bayan al'ada ta ɗauke kuma, ƙwayoyin da ke gadin gaba suna raguwa. Akwai ma ciwon mafitsara mai daɗewa da ba ƙwaya ce ke kawo shi ba, ko kwali nawa na kafso kika shanye ba zai taɓa shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan shan kafso na kwana biyu a ajiye. Yana kashe masu gadi, masu taurin kai su tsira, gwaji kuma ya fito wai babu komai.

Don haka, Hajiya, ki kai fitsari kafin ki sha komai. Ki yi tsarki, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ki, ya isa ɗakin gwaji cikin awa biyu. In ciwon ya dawo sau biyu a wata shida ko sau uku a shekara, ki nemi a tura ki wajen likitan mafitsara, a duba sukari ma. Jini a fitsari, zazzaɓi ko ciwon kwiɓi kuwa, wannan na asibiti ne yau, ba sai gobe ba.