Kulob ɗin Kimiyya a Firamare: Batir Biyu da Kofin Zoɓo

Assalamu alaikum, malamai. Ko a Gusau makarantarku take, ko Talata Mafara, kulob ɗin kimiyya ba sai da ɗakin gwaji ba. Babban sharaɗi shi ne kowane yaro ya taɓa kayan da hannunsa. Ku raba su huɗu-huɗu. In suka kai bakwai a tebur guda, biyu ne za su yi aikin, saura su koma 'yan kallo, kuma sau da yawa 'yan mata ake turewa gefe.

Mu fara da kunna fitila. Kowane rukuni a ba shi batir biyu irin na rimot, masu bolt 1.5, da waya biyu 'yan santimita 15, da salatif, da farin ƙwan LED, ko da na matacciyar tocila ne. A haɗa kan batir ɗaya da gindin ɗayan, a naɗe su tam. A fere robar bakin wayoyin, a haɗa ƙafafun ƙwan da batir ɗin da su. Doguwar ƙafar ƙwan tana bin gefen da ke da alamar tarawa, gajerar ta bi ɗaya gefen.

Bai kama ba? Kada ku karɓe ku gyara musu. Ku tambaye su me suke zargi. Galibi ƙwan ne a juye, domin wuta ta hanya ɗaya kawai take ratsa shi, kuma wanda aka ciro daga tocila an riga an datse ƙafafunsa, sai an gwada an juya. Batir ɗaya ba zai kunna shi ba, farin ƙwai yana son kusan bolt 3. In kuwa waya ta yi zafi, ta haɗa kai da gindin batir ke nan ba ƙwai a tsakani, a raba nan take. Soket ɗin bango kam, ko kusa.

Da ya kama, a yanke hanyar wutar, a sa ƙusa a tsakani, sai cokali, sai karan dawa, sai leda, a ga da wanne ƙwan zai kama. Kafin kowane gwaji su rubuta hasashensu.

Mako na gaba, zoɓo. Malama ta dafa shi ba sukari, ta sirka da ruwa har haske ya ratsa shi, don mai kauri yana ɓoye canjin. Kofi uku masu garau: ɗaya a bar shi, ɗaya a matsa lemun tsami, ja zai ƙara haske, na uku a ɗiga ruwan kanwa, zai rine ya nufi kore. A gaya musu tun farko ba a sha, kuma a wanke hannu bayan taɓa kanwa.